Waƙar Biki Kafin Arba'in

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

Farfesa Milanka ta ce in rage magana, in abu ya tokare mini ƙirji in rubuta shi. To ga shi ina rubutawa. Ba abin da ya tokare ni.

Ta kira ni washegarin da muka dawo daga maƙabarta. Ta yi mini gaisuwa yadda ake yi, sannan ta ce, "Borjana, 'yata, zan faɗi maganar da za ta sa ki tsane ni. Kada ki yi kuka. Kuka na kumbura maƙogwaro, sai ki kwana uku muryarki ba ta dawo gida ba. Ki ajiye shi. In kin sauko daga dandamali ki yi har ki gode wa Allah."

Na ce to. Tun ina 'yar shekara ashirin take koya mini waƙa, kuma tun lokacin nake ce mata to.

Ranar 25 ga Satumba da yamma zan tsaya a zauren makarantarmu a Beograd in yi waƙar digirina na dakta. Arba'in ɗin Baba ranar 27 ne. Na duba kalandar kicin sau ɗaya, ban sake ba.

Har zuwa arba'in, a gidan nan ba rediyo, ba talabijin, ba waƙa. Ko fito ba a yi. Ba wanda ya faɗa mini, ba sai an faɗa ba, a nan Valjevo aka haife ni.

Na sha ruwan ɗumi. Ban yi kuka ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, da rana

Yayana Vidak ya koma Novi Sad ya kwaso littattafansa jaka biyu, ya baje su a teburin cin abinci. Gemunsa ya fara tsirowa, tunda ba aski sai bayan arba'in, ya koma kamar bushiya.

Ni da shi abu ɗaya muke nema, a ce mana Dakta a fagen kiɗa da waƙa. Ƙofar ce daban. Shi ta bincike ya bi: zai rubuta littafi mai kauri, mutum biyar su karanta, su yi masa tambayoyi, ya gyara abin da suka ce ya gyara, shi ke nan. Ni ta aikatawa na bi. Na yi nawa rubutun ni ma, ɗan siriri, na miƙa tun bazara, amma shi ɗan rakiya ne kawai. Digirin yana cikin maƙogwarona. Zan tsaya awa ɗaya gaban kwamiti da jama'a, abin da ya fito shi ne, ba a gogewa, ba a sakewa.

Shekaru muke yi wa juna tsiya a kan wannan. Yana ce mini zabiya, ina ce masa sarkin takardu. Ya ce nawa awa ɗaya ne ya bi iska, nasa kuwa bayan shekara ɗari yana nan kan kanta. In ce masa e, ƙura na cinsa, kuma inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Baba kan zauna tsakaninmu yana feraye tuffa da 'yar wuƙarsa, ya ce shi dai ya haifi daktoci biyu amma ba wanda zai iya auna masa hawan jini.

Abin dariyar, in akwai mai dariya, binciken Yaya a kan waƙoƙin makoki ne, na tsofaffin matan ƙauyukan kan dutse. Yana toshe kunnuwansa da abin sauraro ya wuni yana jin tsofaffi suna rera kukan mamaci, yana rubutawa, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga kan kwamfuta. Ya goge da hannun riga ya ci gaba. Mama ta ajiye masa gahawa a hankali, ta ce wa masu zuwa gaisuwa, "Ku yi ƙasa da murya, yaron yana karatu."

Yaron shekararsa talatin da takwas.

Asabar, 30 ga Agusta, da safe

Mun je kabarin Baba da kyandir. Gwaggo Kosara, yayar Baba, ta zube a kan ƙasar tana kiran sunansa, Miloje, Miloje, ka bar ni da wa. Mama ta bi, Yaya ya bi. Ni na tsaya riƙe da jakar kowa, ina shaƙar iska ta hanci ina sauke ta har ƙasan ciki, yadda aka koya mini. Dabarar tana aiki. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne tana aiki fiye da kima.

A hanyar dawowa Gwaggo ta kalle ni ta gefen ido. "Ke kam birni ya gama da zuciyarki. Ko ɗigo?"

Mama ta ce, "Bar ta, Yaya Kosa, kowa da irin nasa kukan."

Na so a ce ba ta kare ni ba.

Litinin, 1 ga Satumba, da yamma

Mama ta ɗauka an ɗage waƙar digirin. Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba. Takalmin da ta saya a watan Yuli don zuwa ranar, na gan shi a kwalinsa an mayar saman durowa, tare da bargunan hunturu.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma, a cikin bas

Na ce wa Mama zan je Beograd sa hannu a wasu takardu. Ba ƙarya ba ce duka, na sa hannu a guda ɗaya.

Na tambayi Farfesa ko za a ɗage. Ta ce, "Zuwa yaushe? Shekarun da doka ta ba ki za su ƙare ƙarshen watan nan. Ƙarin da ake yi wa mutum kin riga kin cinye shi shekarar da aka yi miki aiki a maƙogwaro. In kika wuce sai ki koma bayan layi, sabon take, sabbin jarrabawa. Kuma murya ba takarda ba ce da za ki jefa a durowa ki dawo bayan shekara shida ki same ta yadda kika bar ta."

Na ce to a canja waƙoƙin, a sa na coci, na jimami, ko ma waɗanne iri.

Ta cire tabarau. "Mene ne sunan aikinki?"

Na faɗa. Waƙoƙin bikin aure na yammacin ƙasar nan, yadda masu tsara kiɗa suka juya su don murya da piyano.

"To. Majalisar jami'a ta buga wa sunan nan hatimi tun shekara uku. Ki hau ki yi waƙar coci, ai kamar yayanki ne ya kai musu littafi a kan kiwon zuma."

Muka yi gwaji da Tihomir mai kaɗa mini piyano. Mako biyu ban buɗe baki ba, muryar ta fito kamar ƙofar da ta sha damina. Tihomir mutum ne mai kunya, kallon yatsunsa kawai ya yi. Farfesa ba ta da wannan ciwon. "Kullum za ki yi, ko da safe ko da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce a gidanmu ba a waƙa yanzu. Ta ce, "Duk faɗin Valjevo gidanku ne kaɗai?" Da na kai ƙofa ta ƙara da cewa in kula da fuskata. Waƙoƙin rakiyar amarya ne, kwamiti kuma da ido yake fara ji.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan abincin rana

Motar Baba tana gareji tun ranar da maƙwabcinmu ya dawo da ita. Kujerar tana nan inda ya bar ta, can baya, shi mai dogayen ƙafafu ne. Ban matso da ita ba, da kan yatsu nake taka komai. Hularsa tana kujerar baya, ban taɓa ba.

Na ce wa Mama zan sha iska. Na bi hanyar gonaki har inda masara ta fi motar tsawo, na tsaya, na rufe gilasai, na juyo madubi ya kalle ni. Na fara motsa murya daga ƙasa ina hawa sannu a hankali. Sannan waƙar farko, wadda ƙawayen amarya ke tsokanar ango wai takalminsa na aro ne. Na yi murmushi a madubi inda ya kamata. Haƙoran sun fito daidai.

Cikin motar zafi kamar tanderu. Warin tabarsa yana nan. Ban ji komai ba, kuma rashin jin ya fara ba ni tsoro.

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

Maƙabarta da safe. Masara da la'asar. Ruwan ɗumi.

Talata, 9 ga Satumba, da magariba

Unguwar duk ƙamshin tattasai, kowa na gashi a tsakar gida don ajvar, haɗin tattasan da ake adanawa saboda hunturu. Mu bana ba ma yi. Kaskon gashin Baba yana jingine a bango.

Malamin Yaya ya aiko masa da saƙo, wai kada ya damu, ya turo babi na biyar duk ranar da zuciyarsa ta kwanta. Ya karanta mini a baranda, sai kuma ya ji kunya ya kife wayar.

Ya ce, "Zabiya, wace irin iska ce kike sha kullum kina dawowa sharkaf da gumi?"

Na juya kaina wajen kaskon.

"Ki gaya wa Mama kafin wani ya riga ki. Garin nan ko atishawa kika yi a gona, a kasuwa za a ce miki sannu."

"Kai ka gaya mata mana, ai kai ne mai bayani."

"Da Baba yana nan, layin gaba zai zauna, ya fi kowa tafi, har a wurin da ba a tafi."

"Da yana nan ai ba maganar."

Ya shafa gemu. Ya ce shi ya san asalin al'adar, ba waƙa aka hana ba, murna aka hana, yana da babi guda a kai da hujjoji daga ƙauyuka birjik. Na ce, "Babin ya faɗi yadda zan yi?" Ya ce, "Babin bai kai nan ba." Muka zauna har sauro ya kore mu. Haushinsa nake ji, ba don ya yi mini komai ba. Shi baƙin cikinsa har taimaka wa aikinsa yake yi.

Alhamis, 11 ga Satumba, da rana, Beograd

Gwaji. Saman muryar ya fara buɗewa. Na biya wurin tela, rigar da zan sa ranar waƙar ta yi mini yawa a ƙugu, za ta rage. Na manta ja ce haka. Na cire na mayar da baƙaƙena na makoki.

Juma'a, 12 ga Satumba, da hantsi

Yaya ya fita sayen burodi ya bar abin sauraronsa a kan tebur. Na sa a kunne. Wata tsohuwa ce, an ɗauki muryarta tun kafin a haife ni, tana kiran ɗan'uwanta tana tambayarsa wa zai kai mata itace bana. Na saurara har ƙarshe. Abin da na ji kawai shi ne tana matse maƙogwaro, kuma tana shan numfashi a tsakiyar kalma. Na ce a raina, wannan ba za ta kai waƙa uku ba. Na ajiye masa abinsa yadda na same shi, na je na wanke kofuna.

Lahadi, 14 ga Satumba, da la'asar

Ina tsakiyar waƙa ta huɗu, idona a madubi, sai na ji ana buga gilashi. Kawu Rade ne, mai gonar, ya bar taraktarsa a kan hanya ya rugo. Daga nesa ya hango mace a mota a rufe, baki wangale, ya ɗauka numfashina ne ya sarƙe. Da ya matso ya ji. Gilashi ba ya tare muryata, don ta ratsa abin da ya fi gilashi aka hore ta. Kuma ya san waƙar, kowa a nan ya san ta, da ita aka kai matarsa ɗaki.

Da na sauke gilashin murmushin yana fuskata tukuna, ban san yadda ake cire shi da sauri ba.

Ya cire hula. "'Yar Miloje ce? Ashe waƙa kike."

Na ce, "Jarrabawa ce, Kawu."

"To, to. Allah ya ba da sa'a." Ya leƙa kujerar baya, ya mayar da hularsa ya tafi.

Matarsa da Gwaggo Kosara kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa a coci.

Talata, 16 ga Satumba, da yamma

Gwaggo ta zo da hantsi, ko gaisuwa ba ta yi ba. Mama tana kicin tana tsince wake.

"Smilja, kin san abin da 'yarki take yi a cikin masarar Rade? Waƙar biki! A motar ubanta! Ƙasar kansa ko bushewa ba ta yi ba. Shi ya sa idon nan ƙamas, ashe tanadin murya ake yi."

Yaya ya taso da abin sauraro rataye a wuya. "Gwaggo, jarrabawa ce fa. Digiri ne irin nawa sak, hula ɗaya za a sa mana."

"Irin naka? Kai an gan ka a gona kana wage baki? Kai karatu kake, ɗan albarka, koma ka zauna. Waƙa ko hula goma aka sa mata, waƙa ce."

Mama ta ce, "Yaya Kosa, a ɗora miki gahawa?" Gwaggo ta gane, ta ɗauki jakarta.

Da ta fita Mama ba ta ɗago ba. "Ba a ɗage ba ke nan."

"Ba ya ɗaguwa, Mama."

Na yi mata bayani. Na yi maganar da ta fi wadda aka yarje mini ta mako guda: doka, kwamiti, hatimi, shekara shida, aikin koyarwar da aka ce sai da digirin za a bar mini. Tana ta tsince wake tana ware masu ƙwari gefe.

Ta ce, "Ni na san wahalar da kika sha, Borka, ni na dinga raka ki tasha a cikin dusar ƙanƙara. Amma ubanki yana nan. Har arba'in yana zagayawa duk inda ya saba, gareji, gona, motarsa. Bai san hanya ba tukuna. Ya zo ya tarar da 'yarsa tana waƙar biki, me zai ɗauka? Kwana biyu ne fa tsakani. Kwana biyu ba za ki iya ba ubanki ba?"

Na ce ba nawa ba ne da zan bayar.

"To na wa ne?"

Ta tashi ta zare makullin motar daga jikin ƙusa ta sa a aljihu, ta ɗora waken a wuta.

Laraba, 17 ga Satumba, da rana

Ban yi waƙa ba. Ban yi kuka ba. Mama ta tambaye ni ko miyar ta ji gishiri.

Juma'a, 19 ga Satumba, da yamma

Farfesa ta kira ban ɗauka ba, ta sake kira ban ɗauka ba. Sai ta rubuto: Litinin ko ki zo, ko in sanar da kwamiti su zauna a gida. Gaba kura, baya siyaki.

Na tambayi Yaya ko shi ya yarda da maganar Mama, cewa Baba yana zagayawa. Ya gyara tabarau ya ce a irin aikinsu ba a tambayar ko abu gaskiya ne, wa ya yarda da shi ake tambaya, kuma me yake yi da yardar. Na ce, "Ba sarkin takardu nake tambaya ba, ɗan Miloje nake tambaya." Ya rufe kwamfutar. Sannan ya ce shekaranjiya da asuba ya ji kamar an taɓa ƙofar gareji, ya tashi har zai ce wa Baba ya bi a hankali Mama na barci.

Ni ban ji komai ba. Ina barci kamar dutse tun ranar da ya rasu.

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Na bari kowa ya yi gaba, na tsaya ni kaɗai a gaban kabarin. Na ce a zuci, Baba, ka ce wani abu, ko e ko a'a. Kyandir ya ci gaba da ci. Can gefe wani yana yankan ciyawa da inji.

Ba na jin na yanke wata shawara. Na dawo gida ne kawai na tarar da hannuwana suna haɗa jaka.

Litinin, 22 ga Satumba, da safe, a tasha

Tun ina firamare, duk ranar da zan fita jarrabawa Mama kan biyo ni ƙofa da kofin ruwa ta watsa a bayana, don abin ya tafi sumul kamar ruwa. Har na girma ina jami'a, in dai a gida na kwana sai ta yi, maƙwabta na dariya.

Yau na tsaya a bakin ƙofa da jakata, na daɗe ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Tana gaban hoton waliyyin gidanmu tana ƙara wa fitila mai. Na ce, "Mama, na tafi. Zan dawo Asabar da sassafe."

Ta ce, "Ja ƙofar, iska na kashe fitila."

Ina sauka matakala sai ga Yaya a guje da kofin gahawarsa, ya cika shi da ruwan famfo. Bai iya ba, a ƙafa ya watsa mini. Ya ce, "A littafi an ce a baya ake zubawa, ba a faɗi nisan ba." Na so in yi dariya. Ita ma dariyar tana can inda kukan yake.

Safata a jiƙe take har yanzu.

Talata, 23 ga Satumba, da yamma

Gwaji na ƙarshe a cikin zauren. Bayan waƙa ta shida Tihomir ya ɗago ya kalle ni, abin da bai saba yi ba. Farfesa ta ce, "Kada ki taɓa komai, haka nake so." Daga yanzu ba magana sai na hau.

Laraba, 24 ga Satumba, da rana

Ranar shiru. Haka muke yi jajibirin babbar waƙa, ko kalma ɗaya ba a furtawa, har raɗa, raɗa ma ta fi ɓarna. A takarda na rubuta wa mai shagon ƙasan bene abin da nake so.

Da rana tsaka waya ta yi ƙara. Lambar gida ce, ta tarho mai igiya, wanda Mama kaɗai ke amfani da shi. Na ɗauka.

"Borka?"

Na buɗe baki. Na rufe.

"Borka, kina ji na?"

Na ƙwanƙwasa wayar da farce, yadda nake yi wa Tihomir in ya kira ni ranar shiru. Shi ya san ma'anarsa. Ina jin numfashinta, da agogon kicin a bayanta. Kalma ɗaya ba ta kashe murya, na sani, kowa ya sani. Amma shekara da shekaru ana koya wa jikina wannan, jikin kuma ya yi abin da aka koya masa ba tare da ya shawarce ni ba.

Ta ce, "To." Ta ajiye.

Na rubuta wa Yaya ya yi mata bayani. Ya amsa cewa ya faɗa mata, ta ce ta gane. Na tambaye shi me take so ta ce mini. Ya ce ta ce ba komai.

Alhamis, 25 ga Satumba, da la'asar

Ruwan ɗumi. Tela ta rage rigar daidai.

Juma'a, 26 ga Satumba, da hantsi

Muryar ta fito. Ban taɓa jin ta haka ba, ba gargada ko ɗaya daga ƙasa har sama. Ni ina gefe kamar mai tsaron kaya, ina jin wata mace mai jar riga tana tsokanar ango, tana lallashin uwar amarya, tana kiran 'yan rawa su shigo fili. Mutane sun yi dariya a inda ake dariya. Kujeru biyun da na sa aka ajiye a layin gaba tun watan Yuli, na manta ban ce a cire takardar da ke kansu ba.

Yaya bai zo ba, ya zauna da Mama, haka muka shirya.

Da aka watse kwamiti ya kira ni ƙaramin ɗaki. Suka yi tambayoyi a kan rubutun, na amsa. Shugabansu, wani dattijo da ya zo daga wata jami'a a kudu, ya ce ya daɗe bai ji murna tsantsa irin wannan ba, wadda ba a gauraya ta da komai ba, ya tambaye ni daga ina na samo ta. Na ce daga numfashi, ranka ya daɗe. Suka yi dariya, suka rubuta. Suka fitar da ni, suka dawo da ni, suka miƙe tsaye, ya ba ni hannu ya kira ni da sabon sunan.

Farfesa ta rungume ni a baranda, kwallinta ya zubo. "Yanzu yi, 'yata. Yi abinki, na sake ki."

Na shiga ɗakin canja kaya na kulle. Na zauna a kujera na jira. Na tuno hannuwansa, na tuno tarinsa na safe, na tuno ranar ma, duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na jira har mai shara ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na sa baƙaƙena na fito.

Asabar, 27 ga Satumba, da yamma

Na shigo bas ɗin farko, kai tsaye maƙabarta. Wasu sun gaishe ni, wasu sun duba takalmansu. Yaya ya matsa mini wuri kusa da shi. Fada, limamin coci, ya yi addu'a, ya zuba ruwan inabi a kan kabarin, aka kunna kyandirori.

Sannan rabon alkama. Tun jiya Mama ta dafa ta, ta niƙa da sukari, ta shafe samanta sumul. A ƙa'ida 'yar mamaci ce ke riƙe faranti, ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗebi cokali ya ce Allah ya gafarta masa. Mu 'yan gida ba a miƙa mana, sai kowa ya watse mu ci ragowar a tsaye. Na ajiye jakata na miƙa hannu. Mama ta ɗauki farantin da kanta, ta wuce ni, ta fara daga kan fada.

Ta bi layi. Kawu Rade da matarsa, abokan aikin Baba na tashar jirgin ƙasa, maƙwabta, mutanen da ban sani ba. Farantin da nauyi, Yaya ya so ya karɓa ta hana shi. Da ta gama da kowa sai ta juyo. Ta tsaya a gabana, ta zaro cokali mai tsabta daga kofin ruwa ta miƙo mini. Ba fushi a fuskarta. Da fushi ne da na san yadda zan yi da shi.

"Ɗebi, Dakta," ta ce. "An sha hanya. Mun gode da zuwa."

Yaya ya ce, "Mama, Borka ce fa."

"Na san ko wace ce."

Na ɗeba. Na ce, "Allah ya gafarta masa."

Ta ce, "Amin," yadda ta ce wa kowa, ta tsaya tana jira in mayar da cokalin.